Kaza ta Ɗaya da Kaza ta Biyu

Waya na fara gani. Ranar da aka kawo ni makarantar kwana ta 'yan mata a Dutsin-Ma daga Kurfi, ina ɗauke da akwatin ƙarfe a ka, ban kalli ƙofa ba, ban kalli ɗalibai ba. Idona ya tsaya kan wata baƙar waya da ta fito daga wata 'yar rumfar kwano, ta bi ta reshen dalbejiya, ta shiga tagar wani ɗaki ta wajen da gilashi ya fashe. A daidai inda ta taɓa gilashin an naɗe ta da tsumma, an ɗaure da zare. Na ce a raina, wanda ya naɗa tsumman nan mutum ne mai kula.

Daga baya na san shi. Wani dattijo ne mutumin Karofi, shi ke kula da janaretan makaranta, wanda ke jawo mana ruwa zuwa tanki. Baba muke ce masa. Injin kuwa "tsohuwa" yake kiransa, kullum yana goge shi kamar mai goge doki. Ni kuma ya sa mini suna 'yar shiru-shiru, don na yi wata guda ina wuce shi da bokiti, gaisuwata ba ta wuce in rusuna.

"'Yar shiru-shiru, an bar bakin a Kurfi ne? A aika a kawo shi mana!"

Sai in sunkuyar da kai in wuce, ina murmushi a cikin mayafi.

Ɗakin da wayar ta shiga na wata malama ne, 'yar bautar ƙasa, Kirista daga kudu, mai koya mana lissafi. Wannan a ƙarshen shekarun tamanin ne, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Tana da wata 'yar kwamfuta da yayanta ya ba ta, faɗinta bai wuce faranti ba. Ana haɗa ta da talabijin, kuma abin da aka rubuta a cikinta a kaset ake ajiyewa. In an ɗauke wuta, sai an sake juyo mata daga kaset ɗin. Ran Laraba da la'asar, lokacin da Baba ke tayar da inji don ruwa, Malama takan tara mu goma sha biyu ta koya mana. Ba mu cika ce mata kwamfuta ba. Na'ura muke cewa.

Malama ba ta yarda mu taɓa madannai sai mun gane hoto. Ta yanka kwalaye huɗu ta kafa a allo, ta haɗa su da jan zaren saƙa. Kwalin sama shi ne na saƙo. Daga shi zare biyu suka sauko, ɗaya zuwa kwalin da ke cewa yaya murya za ta tashi sama ko ta yi ƙasa, ɗaya zuwa kwalin da ke cewa yaya za a ja ta. Mu muka sa musu suna, Tashi da Ja. Daga su biyun zare ya gangara zuwa kwalin lasifika. A cikin kwalin saƙo babu lamba ko ɗaya, sai gurbi biyu, ta rubuta ɗaya a kan na farko, biyu a kan na bayansa.

Ta yi ta bayani da Turanci cewa waɗannan gurabun ba su da lambar kansu, sai abin da aka aiko musu. Muka yi tsuru-tsuru. Ni dai na ji kamar na taɓa sanin abin a wani wuri. Na matsa kusa da ƙawata, wata 'yar Ɗantutture mai kwana a gadon samana, wadda bakinta ba ya rufuwa, na raɗa mata, "Kamar a ce kaza da kaza ne."

Ita kuwa ta ɗaga hannu. "Malama! Wannan ta ce wai kamar kaza da kaza!"

Na so ƙasa ta tsage. Malama ta tambayi ma'anar, aka gaya mata: abin da ake faɗa a madadin abin da ba a ambata ba. Ta tafa hannu don murna. Ta nuna gurbin farko ta ce, "Wannan kaaza na ɗaya."

Ta ja "ka" ɗin. Ɗaki ya fashe da dariya, don in an ja, ta zama kaza mai ƙwai. Ƙawata har tana buga tebur tana cewa:

"Malama, ta biyun fa, ta fara saka?"

Malama ba ta yi fushi ba. Ta sa na faɗi kalmomin biyu sau uku, a hankali, tana kallon bakina. Daga nan ta juya ta buga lambobi. Na'ura ta yi ƙara biyu, gajere na ƙasa da dogo na sama. Ta canza lamba guda a gurbin Ja, na'ura ta sake yi, wannan karon na farkon ya yi tsawo. Babu harafi ko ɗaya a cikin ƙarar, amma duk wadda ke ɗakin ta ji kaza ta zama kaza mai ƙwai, kamar yadda ake jin magana a bakin kalangu.

Tun daga ranar muka riƙa ce wa gurabun kaza ta ɗaya da kaza ta biyu. Ni kuma na zama kunnen Malama. Ba ta jin hawa da saukar Hausa, sai ta ba ni kalma, in yi ta a maƙoshi, in ce mata sama ko ƙasa, gajere ko dogo. Ita ke mayarwa lamba. Sama ɗari da ashirin, ƙasa tamanin. Gajere uku, dogo shida. Aikin ya yi mini daɗi, don ba ya bukatar in ɗaga murya.

Da aka ce manyan baƙi za su zo ranar iyaye, Malama ta ƙudura na'ura ce za ta yi musu sannu da zuwa. Shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya, ba ta son abin tun farko. A ganinta wasa ne mai shan man inji. Ta ce sai ta ji da kunnenta ran Laraba kafin ta yarda.

Larabar ta zo da zafin bazara mai sa alli ya manne a hannu. Na yi wa Malama gaisuwar gaɓa-gaɓa: san, nu, da, zu, wa. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ta rubuta a takarda layi biyar, kowane layi da lamba biyu, ta Tashi a hagu, ta Ja a dama. Tana gamawa aka aiko Hajiya na kiranta ofis. Ta duba agogo, ta dube ni.

"Kai, zauna. Buga wannan. Ka iya."

Kullum "kai" take ce mana. Ban taɓa taɓa madannan ba sai ranar. Na zauna, 'yan mata goma sha ɗaya a bayana suna leƙe. Na buga lambobin goma, na duba, duk suna nan, babu wadda na tsallake. Malama ta dawo tare da Hajiya. Malama ba ta tsaya dubawa ba, ta danna ta ajiye a kaset, sannan ta ce kowa ya yi shiru.

A daidai lokacin ƙwan fitilar ɗakin ya dushe, ya dawo da haske mai ƙarfi. Tsohuwa takan yi haka in famfo ya ja. Malama ta ɗaga kai ta kalli ƙwan, sannan ta danna.

Abin da ya fito ba gaisuwa ba ne. Wani gurnani ne mai kauri daga can ƙasa, kamar sa da aka danne za a yanka. Ya yi ta tafiya. Ya tsaya kaɗan, ya sake kamawa. Wata yarinya ta ce a'uzu billahi, biyu suka yi ƙofa. Ni ban motsa ba. In na tsorata ƙirga nake yi, tun ina ƙarama, don haka na ƙirga. Sau biyar ya kama. Yana kai ƙarshe Malama ta farga, ta fizge waya daga bango.

"Ya ƙone," ta ce. "Wuta ya ƙone shi."

Hajiya ta aika a kira Baba. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya cire takalmi a ƙofa.

"Sau nawa na ce maka injin nan yana wasa da wuta?" in ji Hajiya.

"Ranki shi daɗe, halinta ne in famfo ya ja. Ba ta taɓa ƙona komi ba."

"To yau ta ƙona. Kayan baƙuwa, amanar da aka kawo mana. Da wane ido zan dube ta?"

"Ranki shi daɗe…"

"Ka kashe shi. Kada a sake tayarwa. Ran Juma'a kafin masallaci ka kawo mini mabuɗi, zan nemo wanda ya san aikin."

A gabanmu ta faɗa. Baba ya dubi tsumman hannunsa, ya ce to, ya fita. Bai sa takalmin ba sai da ya yi nisa.

Ran Alhamis babu ruwa a tanki, aka jera mu zuwa rijiyar bayan makaranta. Kowa na maganar na'ura. Wasu sun ce ƙonewa ta yi, wasu sun ce dama irin wannan abu ba ya rasa mutanen ɓoye. Ƙawata ta ce ta ji masu dafa abinci na cewa Baba ya fi shekara goma a rumfar nan, kuma gonarsa ta Karofi ba ta ciyar da gidansa.

Ina riƙe da guga, gurnanin yana ta dawo mini. Ba daidai yake ba. Na farko ya ɗan taƙaita, na biyu ya yi tsawo, na uku ya taƙaita, na huɗu ya yi tsawo, na biyar ya taƙaita. Na yi shi a maƙoshi. Gajere, dogo, gajere, dogo, gajere. Na sake yi. Sai na ji wani abu yana tafiya a ƙarƙashinsa: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. San, nu, da, zu, wa.

Igiya ta kuɓuce mini, saura kaɗan guga ya tafi.

"Ke, lafiyarki? In kin jefa shi ke za ki shiga!" in ji ƙawata.

Abin da ya ƙone ba ya ƙirga biyar, ba ya kuma bin hawa da saukar gaisuwa. Inda ya kamata murya ta tashi, can ta yi tsawo. Wato lambobin Tashi sun shiga gurbin Ja. Tamanin da ɗari da ashirin sun zama tsawo, uku da shida sun zama tashin murya, shi ya sa ta kwanta can ƙasa. Kaza ta ɗaya ta shiga akurkin ta biyu.

Kuma na san wadda ta kora ta. Kakana na Kurfi ya koya mini ajami kafin a sa ni boko. A firamare an sha dukana don ina fara littafi daga baya. Na daina, amma in hankalina ya tashi idona yakan gudu dama da kansa. Na rufe ido na ga takardar Malama, na ga yatsana a kan layin farko. Shida na fara bugawa, sannan tamanin.

Abin da ya fi damuna, ko da na lura a lokacin, da ba zan gyara ba. A zatona na'ura ta san nata. A gida innata takan aike ni ta ce, "Je ki ce wa wance ta ba wance kaza," in tafi in isar daidai, don na san wace wance ce ke da turmi, wace ce ke nema. Na ɗauka haka kwalayen suke, Tashi zai ga tamanin ya gane tasa ce, Ja ya ɗauki shida, don wa zai ja gaɓa guda har tamanin? A bakin rijiyar nan na gane abin da Malama ta yi ta faɗa da Turanci. Gurbi ba ya sanin kowa. Wanda ya riga zuwa shi ke zama a na ɗaya, ko wane ne shi, kuma zare ya kai shi inda zaren ya nufa.

Na kai ruwa ɗaki, na zauna a bakin gado. In na yi shiru babu mai sani. Malama ta ce ba za ta sake haɗa na'urar da wutar makaranta ba, sai hutu ta kai wa mai gyara. Kafin nan Baba ya daɗe da komawa Karofi. In kuma na yi magana, sai na tsaya gaban Hajiya, ni da ko "na'am" ba ta fita sai an tambaye ni sau biyu. Akwai kuma abin da ya fi wannan. In na yi kuskure fa? In da gaske wutar ce, aka sake haɗawa saboda maganata, abin da ya rage ya ƙarasa ƙonewa?

Da la'asar na tafi ɗakin Malama, na tsaya a ƙofa. Ta lulluɓe na'urar da zane kamar gawa. Tana zaune ta dafe kai. Na juya na koma. Na sake zuwa bayan an kaɗa ƙararrawar abinci, na sake komawa. A hanya na bi ta gaban rumfa. Baba na zaune a kan buhu, bai tsokane ni ba. Wannan ya fi mini ciwo da a ce zagina ya yi.

Ran Juma'a da safe, ana cikin darasi na biyu, na yaga takarda daga littafina na rubuta layi biyar yadda na buga su, dama kafin hagu. Da aka fita tara ban bi layin koko ba. Na shiga ɗakin Malama ban yi sallama ba, don na san in na tsaya sallama zan gudu. Na ajiye takardar a gabanta.

"Mene ne wannan?"

"Abin da na buga."

"Ban ji ba. Ɗaga murya."

"Abin da na buga ne, Malama. Na juya su."

Na je allo, kwalayen na nan. Na zare jan zaren da ke zuwa Tashi na kai shi Ja, na kai na Ja zuwa Tashi, suka gitta juna. Sannan na yi mata gurnanin a maƙoshi, ina nuna layi-layi. Gajere, dogo, gajere, dogo, gajere. Ta dubi takarda, ta dubi zaren. Leɓenta na motsi tana ƙirga. Can ta ɗora hannu biyu a ka ta kira sunan Allah da yarensu.

"Ni ne ban duba ba," ta ce. "Ni ne. Tashi, mu je."

Ofishin Hajiya na da agogon bango mai ƙara. Goma da rabi ta wuce. Malama ta yi bayani da Turanci da sauri, Hajiya na sauraro ba ta ɗaga kai daga rubutu ba. Da ta gama sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Ke 'yar Kurfi. Tun yaushe kika san haka?"

"Jiya, ranki ya daɗe."

"Jiya da yaushe?"

"Da hantsi."

"Da hantsi. Kika ci abinci, kika yi barci, dattijo yana can yana haɗa kayansa."

Hawaye na ɗiga kan takalmina.

"In aka kunna kuma ba haka ba ne fa?" in ji Hajiya.

Malama ta ce lambobin na cikin kaset, minti biyar ya isa a gani, kuma na'urarta ce, ta yarda a gwada. Hajiya ta dubi agogo, ta daɗe tana kallonsa.

"In ta yi gaisuwar, mabuɗi ya zauna inda yake, ni da kaina zan ba shi haƙuri. In ba ta yi ba, maganata ta shekaranjiya na nan. Amma ba zan aika masa masinja ba. Na muzanta shi gaban yara. Yanzu in ya ce ba zai tayar ba, yana da gaskiya." Ta nuna ni da biro. "Ke kika juya, ke za ki je. Da bakinki."

Daga ofis zuwa rumfa bai fi taku ɗari ba. Na bi ƙarƙashin baƙar wayar, na wuce tagar mai tsumma, na wuce dalbejiya. Baba ya riga ya sa farar rigar Juma'a. Ya ɗaure tabarmarsa da butarsa a bayan keke. Amma ya naɗe hannun riga, yana tsugune yana goge tsohuwa, injin da aka hana shi tayarwa. Mabuɗin na rataye a wuyansa da igiya.

Na durƙusa a bakin rumfa. Ya waigo.

"A'a, 'yar shiru-shiru. Bankwana aka zo yi? To Allah shi ba da sa'ar karatu."

"Baba, ba tsohuwa ba ce."

Ya tsaya da gugar. "Mi kika ce?"

"Ba ita ta ɓata ba. Na'urar ba ta ƙone ba. Ni ce na sa kaza ta ɗaya a wurin ta biyu."

"Kaza? Wace kaza kuma? Kaji suka shiga ɗakin?"

Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, ina kuka ina dariya. Na share fuska da mayafi. Na gaya masa komai, tun daga takarda har rijiya, har abin da Hajiya ta ce. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da wani babba ba. Ya saurara bai katse ni ba, tsumma a hannu. Da na gama ya dubi keken, ya dubi injin.

"Ashe an kawo bakin daga Kurfi," ya ce. Bai yi dariya ba. "Tun jiya kika sani?"

"Tun jiya, Baba."

Can nesa an fara jin masu wucewa zuwa masallaci. Na matsa gaba kaɗan, har gwiwata ta taɓa ƙasar da baƙin mai ya jiƙa.

"Baba, don Allah ka yafe mini kwanan da na yi ban faɗa ba. Kuma don Allah ka tayar mana da tsohuwa, ko na minti biyar ne."